Hanyar da Idon Bakwaini Ya Bi

A gidansu ba wanda ya san takamaiman aikin da Injiniya take yi. Mahaifiyarsu, wadda suke kira Inna, ta daɗe da yanke hukunci cewa 'yarta mai gyaran waya ce, kuma duk maƙwabciyar da wayarta ta faɗa ruwa, Inna ce ke karɓa ta ajiye a kan firij sai ranar da mai gyara ta leƙo. Injiniya ta yi bayani har ta gaji ta bari. Ta yaya za ka fahimtar da tsohuwa cewa aikinka shimfiɗa hanyar da ba a gani ne a cikin hanyar kowa da kowa, hanyar da mai ita kaɗai ke bi?

Aikin ke nan kuwa. Kamfanin da take wa aiki ƙarami ne, wayoyinsa ba su wuce garinsu da kewayensa ba. Banki ko makaranta ko asibiti mai rassa zai zo ya ce yana son kwamfutocin rassansa su riƙa magana da juna kamar ɗakunan gida ɗaya, ba tare da wani na waje ya ji ba. Idan rassan duk suna cikin gari, wannan aikin hantsi ne. Idan kuwa wani reshen yana can inda wayarsu ba ta kai ba, dole a bi ta hannun wasu kamfanonin, kowa ya ɗauki saƙon zuwa iyakarsa ya miƙa wa na gaba. A nan ake samun furfura, kuma Injiniya ta riga ta fara tara tata.

Ana cikin haka ƙanwarta, Auta, ta haihu wata bakwai. Mace aka samu, 'yar mitsitsiya, aka sa ta a kwalba da siririn bututun iska a hanci. Inna ta tsaya bakin tagar ɗakin jarirai ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan mai gaggawa, me aka ce mata ana rabawa a duniyar?" Aka yi dariya, amma idon tsohuwar ya kawo ruwa.

Bayan 'yan makonni Babbar Nas ta kira Auta da yayarta ofis. Mace ce mai ƙiba da saurin magana, ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ta ce jijiyoyin cikin idon bakwaini ba sa gama tsirowa a ciki, a waje suke ƙarasawa, kuma wani lokaci sukan yi tsiro a karkace su janye bayan idon. Daga waje ba a ganin komai. Idan an gano da wuri akwai magani. Idan an makara, yaro ya makance ke nan har abada. Ta ce wannan makon ne ya kamata a duba jaririyar, kada a bari ya fita.

"To a duba mana, Sista," in ji Auta.

Babbar Nas ta nuna wata na'ura a lulluɓe a kusurwa. Kyamarar ido ce, sabuwa dal, uwar asibitin da ke babban birni ta aiko. Su nas-nas sun iya ɗaukar hoton, amma mai iya karanta shi mutum ɗaya ne, Likitan Ido, kuma yana can birnin. Jaririya ba za ta jure doguwar tafiya ba. Na'urar kuma a kulle take, ba ta da ƙofar da za a zura filashi, ba ta san kowa ba sai babbar kwamfutar uwar asibiti, ta kan layin asibitin na kansa. Sun gwada ɗaukar allon da wayar hannu sun tura masa, ya ce ba zai yanke hukunci a kan idon mutum da wannan hazon ba.

"Layin kuma," Babbar Nas ta ce tana hararar Injiniya ta saman tabarau, "an ce mana kamfaninku ne ke haɗa shi."

Auta ta juyo a hankali. "Yaya, ashe a hannunki abin yake?"

Injiniya ta gyaɗa kai. Ta san aikin, yana cikin jerin ayyukan ofis yana jiran layinsa. Washegari ta karɓe shi daga hannun wanda aka ba, ba ta nemi shawarar kowa ba.

Kamfani uku ne a tsakani. Nasu zai ɗauko saƙo daga ƙaramin asibitin zuwa wani ɗaki mai sanyi a bayan gari, inda kamfanoni ke ajiye na'urorinsu, kowa cikin kejinsa na ƙarfe da kwaɗonsa. A nan wata waya rawaya ke fita ta saman kejinsu ta shiga kejin wani babban kamfani mai dogayen layuka. Shi zai ratsa ƙasar da saƙon, ya miƙa wa na uku, mai wayoyin birni, na ukun ya kai uwar asibiti. Al'adar sana'ar ita ce kowa ya tsaya a iyakarsa. Ba ka leƙa na'urar wani, ba ka buɗe kayan da aka ba ka. Na'urar asibiti tana yanka saƙo ƙunshi-ƙunshi, kowane kamfani ya manna wa ƙunshin tambarinsa a waje, tambarin kaɗai na'urorinsa ke karantawa, abin da ke ciki ba ruwansu.

Aka haɗa. Kowa ya gwada nasa ɓangaren ya ce lafiya lau. Injiniya ta yi gwajin da kowane injiniya ke yi: ta aika ɗan ƙaramin ƙunshi na sallama daga wannan asibitin zuwa wancan, ya je ya dawo da amsa kafin ƙiftawar ido. Ta aika ɗari, ɗari suka dawo. Ta kira Auta da murna, har Inna ta karɓe wayar ta ce ita dama ta san 'yarta ba ta taɓa kasa gyara ba.

Nas-nas suka ɗauki hotuna, suka danna turawa. Wani ɗan layi shuɗi ya fito a allo, ya motsa kaɗan, ya tsaya cak. Haka ya wuni.

Daga nan aka shiga abin da Injiniya ta fi tsana a duniya, wato rubuta ƙorafi ta hanyar ofis. Ta rubuta wa kamfanin tsakiya, suka amsa cikin ladabi cewa sun duba, nasu ƙalau yake. Kamfanin birni ma haka, har da godiya da fatan alheri. Abin haushin shi ne ba wanda ya yi ƙarya. Ita ma ta sake bin nata daga farko zuwa ƙarshe, ba ta ga ko ƙwarzane ba. Kowa ya wanke hannunsa tas, hoto kuma yana nan inda yake, mako yana ta guduwa.

Auta ta daina tambaya, kuma wannan ya fi tambayar ciwo. Idan Injiniya ta shigo asibiti, sai ƙanwar ta dube ta kawai ta mayar da kai ga kwalba. Tun suna yara ita ce mai ɗaure wa Auta takalmi, mai tare mata faɗa a makaranta. Ba ta taɓa jin kunyar haɗa ido da ita ba sai a wannan makon.

Ranar da mako ya kusa ƙarewa, da safe, ta zo da kwamfutarta ta zauna a wani ɗan lungu kusa da ɗakin jarirai, inda akwatin layin yake maƙale a bango, tsakanin tukwanen iska da kwandon zannuwan gado. Babbar Nas ta wuce da tire a hannu, ta tsaya.

"Likita ya sake kira," ta ce. "Wai lambar yarinyar da ranar haihuwarta duk sun iso wurinsa, sai fili fari a inda hoto zai zauna. Ya ce mu daina aiko masa da faranti babu abinci."

Ta wuce abinta. Injiniya ta bi ta da kallo. Rubutu ya isa, hoto bai isa ba. Sallama tana zuwa tana dawowa. Duk abin da ke wucewa ƙarami ne. Ta dafe goshi, don ta gane cewa duk gwajin da ta yi daga wannan ƙarshe zuwa wancan da ƙananan ƙunshi ta yi shi, manyan kuwa kowa a cikin gidansa ya gwada su, ba wanda ya taɓa tura cikakken ƙunshi ya ratsa gida ukun a jere.

Ta ajiye hanyar ofis gefe. Akwai wani injiniya a kamfanin tsakiya da suka yi shekara da shekaru suna aiki ta waya ba su taɓa ganin juna ba. Dattijo ne a murya, mai magana a natse, ta saba kiransa Na-Tsakiya, shi kuma ya karɓi sunan. Ta kira lambarsa ta kansa, ba ta ofis ba.

"Injiniya, ai mun amsa takardarku," ya ce.

"Na gani, Na-Tsakiya, har na haddace ta. Ba takarda nake so ba, kunnenka nake so. Ka nemo mini mutumin kamfanin birni, mu hau layi ɗaya mu uku."

"Kin san ba a yin haka. Shugabana zai ce ina ruwana da gidan wasu."

"Ba gidan kowa za ka leƙa ba. Naka kawai za ka kalla, amma a lokacin da nake kallon nawa. Don Allah, Yaya."

Bai taɓa jin ta ce masa Yaya ba. Ya ce ta ba shi ɗan lokaci. Da ya dawo, ya zo da wata murya, mace mai kuzari, ana jin ƙarar fanka a bayanta. Ita ce mai kula da iyakar kamfanin birni.

"An ce ke ce mai tayar da mutane daga karin kumallo," in ji ta birnin. "To ga ni, sai ki yi sauri kafin shayina ya huce."

Injiniya ta gaya musu yadda za a yi. Ita za ta riƙa aiko ƙunshi daga asibiti, tana ƙara masa girma kaɗan-kaɗan. Ta birni ta faɗi abin da ya iso. Na-Tsakiya ya zuba ido a kan ƙofofinsa biyu, ta shiga da ta fita. Ta sa abin sauraro a kunne, ta fara.

"Ya iso," in ji ta birni.

Ta ƙara.

"Ya iso."

Haka suka yi ta yi, kamar masu miƙa bulo a wurin gini. A cikin ɗakin jarirai na'urori suna ta ƙiƙ-ƙiƙ ɗinsu. Ƙunshi ya kai rabi, ya wuce, ya kusa cika, duk yana isa. Ta ƙara ɗan abin da ya rage, ya zama cikakke irin wanda kyamara ke aikawa.

"Shiru," in ji ta birni. "Sake."

Ta sake. Shiru.

"Tsaya," Na-Tsakiya ya ce, muryarsa ta sauya. "Ya shigo mini lafiya. Ya ratsa ni lafiya. A ƙofar fita, tsakanina da 'yar'uwata ta birni, a nan yake faɗuwa. Ga lissafin abin da aka zubar yana hawa a gabana. Ikon Allah."

Nan take su ukun suka gane. Kyamara tana cika ƙunshi daidai da ma'aunin da duniya ta amince da shi. Kamfanin Injiniya ya manna tambarinsa, ƙunshi ya ɗan ƙara kauri. Na tsakiya ya manna nasa, ya sake ƙaruwa. Ƙofar da ke tsakanin kamfani na biyu da na uku kuwa an bar ta a ma'aunin asali. Abin da ya yi yawa bai kai haruffan kalma biyu-uku ba, amma ƙofa ba ta san alfarma ba.

"To me ya hana na'urarka ta koma ta gaya wa mai kayan cewa ya yi girma?" ta birni ta tambaya. "Ai haka ake yi."

"Ta gaya wa wa?" in ji Na-Tsakiya. "Ba ta san mai shi ba. Tambari kawai take gani. Mun ɓoye layin nan da kyau, har mai ɗaukar kayan bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ya ce an samu matsala ba."

Ta birni ta fashe da dariya, shi ma ya taya ta. Injiniya ba ta yi ba. Na-Tsakiya ya ce faɗaɗa ƙofar sai da izinin manya na kamfani biyu, domin kayan mutane da yawa ke bi ta nan, kuma izinin ba ya fita a yini ɗaya. Ta ce ba sai an taɓa ƙofar ba. Ta shiga akwatin da ke bango, ta rubuta masa umarni layi ɗaya: duk na'urar da za ta yi magana ta nan, a gaya mata ta riƙa yanka ƙunshinta ya ɗan gaza cika, a bar wa tambura wuri. Ta karanta layin sau biyu, ta yi bismillah, ta danna.

Babbar Nas ta ce hotunan farkon mako sun tsufa, ido na sauyawa, sabbi za a ɗauka. Ta dubi Injiniya ta ce, "Wanke hannu, sa riga, ki shigo. In abin ya sake tsayawa ina son mai laifi a kusa."

Injiniya ta shiga, abin sauraron yana kunnenta. An riga an ɗiga wa jaririyar magani a ido. Wata nas ta riƙe ɗan kan da tafin hannu ɗaya, Babbar Nas ta buɗe fatar idon a hankali, ta ɗora bakin kyamara. Jaririyar ta yi wani siririn kuka. Auta tana bayan gilashin taga, ta toshe baki da mayafi.

Sai allon ya haska.

Injiniya ta zaci za ta ga baƙi da fari, irin idon da kowa ya sani. Abin da ta gani wata faffaɗar da'ira ce ja mai ruwan lemo, tana sheƙi, kamar rana dab da faɗuwa. A gefe guda akwai ɗan fili mai haske, daga cikinsa jijiyoyi suka fito, suka rabu biyu, kowace ta sake rabuwa, ta sake, har suka yi sirancin da allo ya kasa bi. Suna tafiya zuwa bakin da'irar amma ba su kai ba, akwai sauran wuri fari da ba su taka ba tukuna. Duk wannan a cikin ƙwayar da ba ta kai kan ɗan yatsanta ba. Ita da ta ƙare ƙuruciyarta tana zana hanyoyi a takarda tana jin kanta gwana, ga hanyoyi ana shimfiɗawa a cikin duhu, babu injiniya, babu taro, a jikin wadda ba ta ma san an haife ta ba. Ta ji ta ƙanƙance, kuma ba ta ji haushin ƙanƙancewar ba.

"Subhanallah," ta ce, ba ta san a fili ta faɗa ba.

Babbar Nas ta gama ido biyu, ta danna turawa. Layin shuɗi ya fito, ya motsa, ya kai inda ya saba tsayawa. Injiniya ta kafa masa ido. Ya wuce.

"Kaya na shigowa," in ji Na-Tsakiya a kunnenta. "Da yawa. Babu wanda ya faɗi."

"Suna isowa," in ji ta birni. "Kai, kamar an buɗe famfo."

Injiniya ta tsaya tana kallon layin yana cika, tana bin sa a zuci. Wannan jar da'irar an yanka ta dubu-dubu, an mayar da ita haske, hasken yana gudu cikin zaren gilashi mai sirancin gashi. Ya bi ta ƙarƙashin titin da ta biyo da safe, ya shiga ɗakin nan mai sanyi, ya haura rawayar waya daga keji zuwa keji, ya ratsa gonaki da gadoji da garuruwan da ba ta taɓa zuwa ba, kafaɗa da kafaɗa da hirar masoya da cinikin 'yan kasuwa, ba wanda ya taɓa wani. Mutanen da ba su san yarinyar ba suna miƙa ta hannu zuwa hannu ba su buɗe ba. Shekarunta nawa tana wannan aiki, yau ce rana ta farko da ta ga abin da ke cikin ƙunshi.

Layi ya cika. Ba a jima ba wayar Babbar Nas ta yi ƙara, ta fita baranda ta yafito Auta, ta sa a lasifika. Muryar Likitan Ido ce, a gajiye amma a sarari.

"Na gani, Sista, tar kamar ina ɗakin. Na dama lafiya, jijiyoyin na tafiya yadda ake so. Na hagu ya fara, kuma da sauri yake. Amma ba mu makara ba. Gobe da safe abokin aikina zai taso da allurar, ku shirya ta. Da an ƙara mako guda, da wata maganar muke yi."

Auta ta zauna kan benci tana kuka. Injiniya ta durƙusa ta riƙe ta. Sai a lokacin ta ji gyaran murya a kunnenta, ta tuna ba ta kashe wayar ba. Su biyun suna nan, ba wanda ya sauka.

"Injiniya," Na-Tsakiya ya ce a hankali, "ba al'adarmu ba ce mu tambayi abin da ke cikin kayan mutane, kuma in kin ƙi faɗa ba laifi. Amma na ji kukan jariri ɗazu. Me muka ɗauko?"

Injiniya ta dubi ƙanwarta. Ta cire abin sauraron ta sa wa Auta a kunne, ta ce, "Ga waɗanda suka kai ta."

Auta ta share fuska da bayan hannu. "Salamu alaikum," ta ce. "Ni ce uwar yarinyar. Idonta ne kuka kai wa likita. Ya ce za ta gani."

Ta saurara, ta ƙara danna abin a kunne, sannan ta ɗago ta dubi yayarta.

"Yaya, macen tana ta hamdala. Dattijon kuma ya ce in ɗan jira shi ya share hawaye, yanzu zai yi magana."